Ranar da Muka Ƙone Gambar Inna da Hannunmu

Na ga abubuwa da yawa a garin nan na Sakkwato, na manta da yawansu, wasu ma da gangan na manta. Amma yinin da wutar daji ta tasar wa geronmu, har muka ɗauki wuta da hannunmu muka cinna wa abin da muka yi wata da watanni muna tattali, wannan kam ba zai bar raina ba sai ranar da aka kai ni makwancina. Yanzu haƙorana sun zube, idona ya yi hazo, amma ko ƙaurin ciyawa na jiyo daga gidan maƙwabta sai in gan ni a tsaye, ban san lokacin da na miƙe ba. Jikokina su yi ta dariya, wai hancin tsohuwa ya fi na kowa a unguwa. Su yi ta yi. Ba su san abin da hancin nan ya taɓa shaƙa ba.

Ni ba 'yar birni ba ce tun asali. A wani ƙauye ta wajen Wamakko aka haife ni, kuma ina yarinya ƙarama na ga wuta ta fito daga daji ta lashe rumbunan ƙauyenmu ƙurmus. Ba wutar ce ta fi zama a raina ba, abin da ya biyo bayanta ne. Na ga uwata tana tonon gidan tururuwa da guntun ƙwarya, tana tsince ƙwayar hatsin da suka tara, ta wanke ta dama mana. Wanda ya sha wannan kunun ba ya ƙara ganin garwashi ya ɗauke shi abin wasa. Shi ya sa da aka kawo ni birni gidan miji, na zama abin da na zama. Duk matar da ta shigo ɗibar wuta gidanmu, in ba ta zo da kasko da abin rufewa ba, haka za ta koma hannu wofi, ta yi ta zagina a hanya. Ba na kwanciya sai na bi murhu na binne shi da toka. Ban yi karatu ba, ban san baƙi ba balle fassara, amma na san inda tartsatsi yake faɗuwa.

Gidanmu ba gidan masu hali ba ne. Ba mu da bayi, ba mu da barori, hannuwanmu ne kawai. Maigida manomi ne da damina, in rani ya yi kuma ya ɗora jar fata a jakai ya nufi kasuwar Jega. Akwai mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ta tsufa har ganinta ya kusa ƙarewa, amma bakinta da ƙwaƙwalwarta garau. Sai ƙanensa da matarsa, wato facalata, mace mai sanyi wadda ba ta iya musu. A lokacin na riga na aurar da 'ya, na wuce zaman ɗaka, ina fita gona da kasuwa ba mai tambayata.

Ƙanen mijin nan nawa shi ne ciwon kaina. Mutum ne mai barkwanci, mai son daji, ba ya rabo da lofensa na taba. Tun yana saurayi in kaka ta wuce sai ya bi abokansa su cinna wa daji wuta don su kori gafiya da zomo, su dawo fuska baƙi ƙirin suna ta washe baki. Ni kuwa ba abin da na tsana irin wannan. Sarkin Gafiya nake ce masa, shi kuma ya ce min Magajiyar Murhu. Wasa ne irin na ƙanen miji da matar wa, amma nawa wasan da haushi a cikinsa.

Shekarar da nake ba ku labari damina ta yi albarka ƙwarai. Gero ya yi, ciyawa ma ta yi, har ta shanye mutum a tsaye. Gonarmu tana gabas da gari, bayan ganuwa da ɗan tafiya. Da aka yanke gero aka ɗaure, sai aka tara dammunan a kan wani fako da ke ƙarshen gonar ta gabas, domin can ne ƙasa take da tauri, gara ba ta hawa. Tari ya tashi ya fi ɗaki tsawo. A bayan tarin akwai wata 'yar turba ta masu ƙafa, a bayan turbar sai wani fili mai faɗi cike da gamba, a bayan gambar kuma daji ne ya miƙe iya ganinka. Ku riƙe wannan a ranku: tari, turba, gamba, daji.

Ba a gama ɗaurin ba ayarin Jega ya tashi, kuma ayari ba ya jiran kowa. Maigida ya tafi da ɗanmu da jakan gidan duka, ya ce ba zai daɗe ba. To a gidansu, tun kakanni, ba a ɗauke dami ko ɗaya daga gona a kai rumbu sai maigida ya tsaya a kan tari da kansa, ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma, ya yi addu'a, sannan a fara jigila. Ba wanda ya taɓa tsallake wannan. Ga shi kuma shekarar an kira samarin unguwa da yawa sun fita da rundunar yaƙi ta rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai 'yan tsirarun magidanta. Abincinmu na shekara guda yana zaune a bakin daji, yana jiran mutumin da ke can yana cinikin fata.

Na je wa Inna da maganar. Na durƙusa na ce, "Inna, a bari mu fara kwasowa da ka, ko kaɗan-kaɗan."

Ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta ce, "Ke ɗiyar nan, ke kika kafa gidan ga? Uban mijinki bai taɓa bari an taɓa dami ba shi nan ba. Ki jira shi dawo."

Na koma wajen ƙanen miji. Na ce to in ba za a kwashe gero ba, a yanke gambar nan da ke manne da shi. Nan ma na tarar da bango. Gambar ba banza aka bar ta ba. Daminar da ta wuce jinkar ɗakin Inna ta yi ta zuba, har akwai ranar da muka same ta zaune a tsakiyar gado da ƙwarya a ka, ruwa yana ɗiga a ciki. Ranar ƙanen mijin nawa ya yi mata alkawari a gaban kowa cewa da gambar gonarmu zai yanta ya baibaye mata ɗaki sabo fil. Tun daga nan yake gadinta kamar ɗiyarsa, ya hana Fulani kiwo a wurin, ya hana masu zana yanka.

"Ba ta ƙosa ba, matar yaya," in ji shi. "In na yanke ta ɗanya, damina guda za ta ruɓe. So kike Inna ta sake ɗaukar ƙwarya?"

"So nike mu ci tuwo bana."

"Za ki ci har ki ƙoshi ki ƙara faɗa. Ke dai in babu abin tsoro sai kin aro na maƙwabta."

Mai shela ya zaga unguwanni ya ce kada kowa ya sa wa daji wuta sai an gama kwasar amfani. Na ji, na ce shela a cikin gari take, daji kuwa ba ya da kunne. Kwanakin nan ban san me ake kira natsuwa ba. Kaɗi nake yi, sana'ata ke nan, amma zaren sai ya yi ta tsinkewa a hannuna. In na tashi da safe, kafin in ɗora ruwa sai na fita na hau tudun da ke gindin ganuwa na dubi gabas. In na ga hayaƙin masu ƙona tukwane sai in tsaya ina auna nisansa da gonarmu. In na ji kukan jaki a ƙofar gida sai in fito da gudu, in tarar na mai itace ne. Ciyawa tana ta bushewa, tana komawa fara, iska kuma ta fara tasowa daga gabas da rana tsaka. Facalata ta ce min, "Yaya, kin rame." Na ce mata ta bar ni.

Wata rana na kai wa ƙanen miji fura gona, sai na same shi kishingiɗe a inuwar tarin geron, ƙafa ɗaya kan ɗaya, lofe a baki, hayaƙi yana tashi a hankali yana shiga tsakanin dammuna. Na ajiye ƙwaryar, na fizge lofen na zazzage shi a ƙasa na murje da ƙafa, na sunkuya na ɗauke 'yar jakar fatar da yake ajiye ƙyastunsa da ƙanƙararsa, abin da yake ƙyasta wuta da shi ke nan. Na ƙulle ta a bakin zanena.

"Haba Magajiya! Wanga ai fashi na da rana tsaka."

"Ranar da gero ya shiga rumbu ka zaka ka amsa."

"To taba fa? In mutu?"

"Ka tauna ta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka gobe zan mayar masa. Ban mayar ba. Da ita nake yini, da ita nake kwana.

Ranar da abin ya faru, an idar da azahar ke nan. Ina zaune a tsakar gida da mazarina, ga abduga fara tas a cikin faifai a gefena. Sai na ga wani abu baƙi siriri ya sauko daga sama a hankali, yana juyawa, ya sauka a kan abdugar. Na sa yatsa na taɓa shi, ya murmushe. Ganyen ciyawa ne ƙonanne. Kafin in ɗaga kai wani ya sake sauka, wani ya bi shi. Na dubi gabas ta saman danga, sai na ga sama ta canza launi, ta yi ja-ja kamar ruwan jimar fata.

Ban san lokacin da na cusa abdugar da ke hannuna a ƙugu ba. Na ƙwala wa facalata kira na ce ta ɗauko tulu da ruwa ta biyo ni. Inna tana daga ɗaki tana tambaya, "Mi ya faru? Mi ya faru?" Ban tsaya ba ta amsa ba.

A ƙofar gari mutane sun cunkushe, masu fita da fartanya da rassan itace, masu shigowa da awaki suna ja. Kowa sunan gonarsa yake kira. Da na fita fili sai na ga abin da idona. Hayaƙi ya tokare sama daga wannan gefe zuwa wancan, shirwa sun taru a samansa suna shawagi suna cafke farar da wuta ta koro. Har yau ba a san wanda ya tayar da ita ba. Wasu sun ce masu ɗibar zuma ne, wasu sun ce mafarauta. Ni dai gudu nake, mace da jika, zane a hannu, ina tuntuɓe da kututturan kara. Zomo ya gifta ta gabana bai ko kauce min ba.

Na tarar da ƙanen miji a kan turbar nan da ke tsakanin tari da gamba, ya tuɓe riga, yana ta sara da fartanya yana faɗaɗa ta, yana watsa ƙasa gefe. Babu dariya a fuskarsa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma wannan ya fi hayaƙin tsorata ni.

Na ce, "Mu janye dammunan tsakiyar gona!" Gonar kuwa fili ce, shanu sun riga sun cinye abin da ya rage a cikinta. Na rungumi dami ɗaya na ja. Dami kayan namiji ne, da ƙyar na kai shi 'yan taku. Facalata ta iso tana haki, ta ajiye tulu ta kama wani. Na waiwaya na dubi tarin, kamar ba a taɓa shi ba. Wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya wuce da dami a ka, na roƙe shi ya taimaka, ya ce, "Ki yi min afuwa, nawa ma ga su can." Ban ga laifinsa ba.

"Ku bar su!" in ji ƙanen miji. "Ko mun kai goma ba mu kwashe su kafin ta iso. Ke, karyo sabara, ɗanya, mai ganye da yawa. Matar yaya, zaka nan."

Na zo. Ya miƙo min hannu, tafinsa duk ya fashe.

"Ba ni ƙyastuna."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Mi za ka yi da shi?"

"Gambar za ni sa wa wuta."

"Ka haukace? Ga wuta can tana zuwa, kai kuma ka ƙara mata wata a gindin gero?"

"Saurara. In waccan ta shigo gambar ga da ƙarfinta, harshenta ya fi tarin ga tsawo, turbar ga ba ta tsare ta, tsallakowa za ta yi. Amma in mun riga ta, munka ƙone gambar tun daga nan, tamu ƙarama ta ci ta tahi wajenta, in ta iso mi za ta ci? Toka?"

Na dubi gambar. Ta ƙosa a lokacin, ta yi fari sol, tana kaɗawa. Kwana kaɗan ya rage ya yanke ta. Na ce, "Gambar Inna fa?"

Ya ce, "Inna jinka za ta ci, ko tuwo?"

Ku da kuke jin wannan, kada ku ɗauka nan take na miƙa masa. Hannuna yana kan ƙullin, amma ya ƙi kwancewa. Duk rayuwata kashe wuta na sani. Ga mutumin da na fi zargi da wasa da ita yana ce min in ba shi ita a gindin abincin 'ya'yana. In ya kuskure, ba wutar daji ce za ta cinye mu ba, tamu ce, kuma daga bakin zanena ta fito. Na tuna uwata da guntun ƙwaryarta. Sai na ji ƙarar. Ba ƙarar murhu ba ce, wani irin ruri ne mai haɗe da fashe-fashe, kamar ana ta karya kara dubu a lokaci guda. Na sa haƙori na kwance ƙullin.

Ya buɗe jakar, sai ya ɗago ya dube ni. Babu abin kama wuta a ciki, ɗan abin da ke nan ya ƙare tun ranar lofe. Daji duk ya kama da wuta, mu kuma ga mu tsaye ba mu da ko ƙwayar garwashi. Sai na ji abu a ƙuguna. Na zaro abdugar kaɗina na ba shi. Ya yage kaɗan, ya murza ta da baƙar tokar da ke ta sauko mana, ya durƙusa ya juya wa iska baya. Ya ƙyasta, ba ta kama ba. Ya sake. Na durƙusa na kare masa da zanena, ina cewa, "Yi a hankali, Sarkin Gafiya, ai aikinka na." Can sai wani jan ɗigo ya bayyana a cikin abdugar. Ya hura, ya ɗora a kan busasshen kashin shanu, ya hura har ya kama. Ya ɗaure ciyawa dunƙule biyu masu tsawo, ya ajiye kusa.

Na ce, "To sa mana!"

"Ba yanzu ba."

Ya tsinki abduga ɗan ƙiris ya sake ta a sama. Iska ta ɗauke ta ta yi kan tarin gero da ita.

"Kin gani? In na sa yanzu, kan geron za ta koma. Babbar wuta in ta matso tana jan iska wajenta. Sai ta fara ja."

Wannan jiran shi ne abu mafi tsawo da na taɓa yi a duniya, ya fi naƙuda. Muna tsaye mu uku a kan turba, facalata da rassan sabara a hannu tana ta salati, hawaye yana zuba. Zafi ya fara dukan fuskokinmu. Gafiyoyi suna fitowa daga cikin gamba suna bi ta kan ƙafafunmu, Sarkinsu ko kallonsu bai yi ba. Maciji ya wuce, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Na fara hango harsunan wutar ta saman ciyawa, ja da rawaya, suna tsalle. Ya sake sakin abduga, ta yi kan gero. Na kama hannunsa na ce, "Za ka kashe mu!" Ya fizge, bai ko dube ni ba. Na rantse muku, saura ƙiris in ɗauki dunƙulen nan in cinna da kaina.

Ya saki ta uku. Ta tsaya cak a sama kamar an rataye ta. Ta yi ɗan juyi. Sai ta tafi a hankali, ta nufi gabas, ta nufi wutar. A bayan wuyana na ji iskar ta juya.

"Yanzu!"

Ya tura dunƙulen biyu a garwashi suka kama, ya danƙa min ɗaya. "Ki bi turba ta nan, ni ta nan. Ki riƙa taɓa gindin ciyawa kina tahiya, kada ki tsaya!"

Haka na yi. Ni da na hana matan unguwa ɗaukar garwashi a buɗe, ni ce na bi gefen gambar Inna a guje, a sunkuye, ina dangwala mata wuta. Tana kamawa fuu, tana miƙewa, tana ba mu baya tana tafiya gabas. Inda ta yi ƙoƙarin waiwayowa ta tsallaka turba, facalata tana nan tana jibgarta da sabara. Matar nan mai sanyi, ranar na ga tana dukan ƙasa tana zagin wuta kamar ta kama ɓarawo.

Daga nan ban ƙara ganin komai sosai ba. Hayaƙi ya rufe mu, ido ba ya buɗuwa, numfashi sai a ƙasa-ƙasa. Tartsatsi yana zubo mana kamar ruwa. Na ji facalata ta yi ihu, "Sama! Saman tari!" Wani dami a can ƙololuwa ya kama. Ƙanen miji ya fizge mayafina ya tsoma a tulu, ya haye tarin kamar biri, ya yi ta bugu, da ya ga ba ta mutu ba ya rungumi damin da wutarsa ya jeho shi ƙasa, ya jeho na kusa da shi. Muka bi su da ƙasa da sauran ruwan tulu.

Sai wutocin biyu suka haɗu a tsakiyar filin gamba. Suka miƙe sama tare, tsawon da ban taɓa gani ba, da wata ƙara da ta sa na faɗi zaune na rufe kai. Da na ɗago, babu su. Sai baƙin fili yana hayaƙi, da 'yan kututture suna ci. Babbar wutar ta rabu biyu, ta bi ta kudu da arewa inda take da abin ci, ta bar mu a tsakiya.

Ƙanen miji ya sauko daga kan tari. Gemunsa ya ƙone gefe guda, girarsa babu, hannuwansa sun tashi. Ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon inda gambarsa take. Na yage gefen zanena na naɗe masa hannu. Can ya ce, "Matar yaya, duk gafiyar da ta wuce ɗazu, ko guda ba ki kama muna ba?" Na ce masa Allah ya shirye shi.

Ba kowa ya samu yadda muka samu ba. Dattijon nan da ya wuce da dami a ka, abin da ya ɗauka da kansa shi kaɗai ya tsira da shi. Sai wajen faɗuwar rana mutanen gari suka tare wutar a bakin wani rafi da ya ƙafe.

Muka shiga gida baƙi ƙirin, muka durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Ta shaƙi iska ta ce, "Kuna ƙaurin gamba."

Ɗanta ya ce, "Inna, ni na sa mata wuta."

Na ce, "Mu biyu munka sa."

Inna ta ce, "Geron fa?"

"Yana nan, Inna. Dami biyu sunka ƙone."

"To gobe da sassafe ku fara kwaso shi."

Na ce, "Zakka fa? Maigida bai dawo ba."

"Ku ƙirga ku ware ta gefe, shi tarar da ita. Wanda anka fitar don Shi ya san abinSa, ko mijinki na Jega."

Da ka muka kwaso shi, mu da matan maƙwabta, kwana da kwanaki, wuyana bai ƙara komawa daidai ba. Da maigida ya dawo ya bi ta gona tukuna, ya ga baƙin fili har gindin fako, ya shigo gida ya ga rumbu a cike da abin da muka ware a gefe. Bai yi faɗa ba, bai yi yabo ba, haka yake. Ya dai ƙara dammuna a kan abin da muka ware, ya sa aka kai gidan dattijon nan da wasu irinsa.

Ciyawar jinka kuwa shekarar ko ta magani babu a kewayen gari. Da hadari ya fara haɗuwa na je na kwaso tabarmar Inna da butarta na kai ɗakina. Damina guda muka yi tare, tana minshari, tana gyara min yadda ake dama fura, tana ce min ina motsi da yawa a barci. Sai shekara ta zagayo ɗanta ya cika alkawarinsa, kuma a ƙarƙashin sabuwar jinkar Inna ta cika, Allah ya jiƙanta.

Tun daga wannan shekarar gero bai ƙara jiran kowa a gonarmu ba. Kuma da kaka ta yi, tun ciyawa da sauran danshi, nake tasa maza a gaba su nome zagayen fako da faɗi, su ƙone abin da suka nome da sassafe raɓa ba ta bushe ba. Wanda ya ce ya gaji, in nuna masa tabon wuta a hannun baffansa.

Abin da yinin nan ya koya min shi ne tsoron wuta daban, saninta daban, kuma gida yana bukatar duka biyun. Tsorona ne ya ga toka a kan abduga tun mutane suna zaune, shi ne kuma ya adana ƙyastun nan har ranar da aka neme shi. Amma da ni kaɗai ce a kan turbar nan, da na tsaya da shi a ƙulle a zane har gero ya ƙone, ko in cinna tun iska ba ta juya ba. Wanda ya san lokacin shi ne mutumin da na yi shekaru ina yi wa kallon ɗan wasa. Har yau in na ga wani yana wasa da wuta kusa da abinci, ƙwacewa nake yi, ba na neman shawarar kowa. Sai dai ba na jefa abin a rijiya. A bakin zane nake ƙulle shi, kuma ina lura da inda mai shi yake, saboda ranar da zan ce a kira min shi.